Gas, gawayi, kananzir ko lantarki: da wanne ya kamata a yi girki a Legas?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dakon kaya ya tashi, kuma kusan duk abin da ake hura wuta da shi ya bi sahu. A unguwannin da Hausawa suka fi yawa a Legas, irin su Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, akwai gidajen da suka jingine tukunyar gas a lungu suka koma kurfoti, akwai waɗanda suka zaro tsohon risho, akwai kuma masu jiran a kawo wuta su jona abin girki na lantarki. Wannan bayani na magidanci ne ko uwargida ko mai sana'ar abinci da ke tsaka mai wuya tsakanin waɗannan huɗun, wanda yake son ya rage kashe kuɗi ba tare da ya cutar da iyalinsa ko maƙwabtansa ko dajin da ake sarewa domin girkinsa ba.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko shi ne kuɗi, kuma kuɗin nan kashi biyu ne: na sayen kayan farawa, da na ciyar da wutar kullum. Yawancinmu abin da ya fita daga aljihu yau muke dubawa, shi ya sa ƙullin gawayi yake yi mana kama da araha, cikon tukunyar gas kuma yake yi mana kama da tsada. Lissafin da ya dace shi ne yawan zafin da ya shiga tukunyar abinci, domin kowane murhu yana zubar da wani kaso na zafinsa a iska. Murhun gas yana isar da fiye da rabin zafinsa ga tukunya, risho yana isar da ƙasa da rabi, kurfotin ƙarfe na kasuwa kuwa da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu.

Daga nan aka samu wani ƙiyasi mai sauƙin riƙewa. Aikin da kilo 1 na gas yake yi, sai an ƙona kananzir lita ɗaya da rabi zuwa biyu, ko gawayi kimanin kilo 4 a kurfoti, ko wutar lantarki kimanin yunit 8 a murhun indokshan, wanda yake zafafa tukunya da ƙarfin maganaɗisu, ko yunit 10 zuwa 11 a tsohon hotfilet. Farashi yana sauyawa daga wata zuwa wata, amma wannan ma'auni ba ya sauyawa, saboda haka kowa zai iya ɗora farashin unguwarsu a kai ya ga inda ya fi sauƙi.

Na biyu shi ne hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga wutar girki take fitowa, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta. Wannan ya fi tsanani a gidajen haya na Legas, inda ake girki a siririn lungun da ke tsakanin ɗakuna ko a cikin ɗakin kwana, jariri yana goye a baya. Na uku shi ne haɗarin gobara da ƙuna. Na huɗu shi ne sauƙin aiki da ƙarkon kaya. Na biyar shi ne abin da zaɓin yake jawo wa daji da iska, wanda a ganina bai kamata a mayar da shi maganar ƙarshe da ake tunawa idan an samu sarari ba, domin mu da muka fito daga Arewa mun ga yadda gari yake komawa idan itatuwansa suka ƙare.

Gas

Nauyin gas yana wajen farawa. Sai an sayi tukunya da murhu da tiyo da regileta, wato abin da ke daidaita fitar gas a bakin tukunya, sannan a cika. Tukwanen da aka fi amfani da su a gida su ne masu kilo 3 da kilo 6, waɗanda ake ɗaura kan murhun a samansu, da mai kilo 12.5 wadda ake jona wa murhun tebur da tiyo. Farashin kilo ya haura naira 1,000 a Legas a 2024, kuma yakan yi tsalle duk lokacin da aka samu tsaiko a daffo-daffon Apapa ko Naira ta faɗi, duk da cewa ana samar da shi a cikin gida, a kamfanin gas na NLNG da ke Bonny da matatar Ɗangote da ke Lekki. Duk da haka idan aka bi ma'aunin da ya gabata, gas yana gaba da kananzir nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa yana kafaɗa da kafaɗa da gawayin da ake saya ƙulli-ƙulli.

Wajen tsabta da sauri babu na biyunsa sai lantarki. Ana kunnawa ya kama, ana iya rage wuta idan miya ta tafasa, ana kashewa ya mutu, kuma wannan ikon ragewa shi ne babban sirrin tattalinsa. Harshen wutar ya kamata ya zama shuɗi. Idan ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, to ramukan murhun sun toshe, ana asarar gas, kuma ɗan goge su da tsohon buroshi yakan wadatar.

Haɗarinsa gaskiya ne, kuma mutanen Legas ba su manta da fashewar da aka yi a wata tashar gas a Baruwa cikin Oktoban 2020 ba. Sai dai a cikin gida, yawancin haɗarin daga abubuwa ƙalilan yake zuwa, kuma duk ana iya kiyaye su. Gas ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya yoyo ƙasa yake kwanciya, ya taru a ƙarƙashin gado ko bayan kujera. Warin da ake ji an zuba masa ne da gangan domin a farga. Wanda ya ji warin kada ya kunna ashana, kada ya taɓa makunnin fitila, ya rufe regileta, ya buɗe ƙofa da taga, idan abin ya fi ƙarfinsa ya kira lambar agajin gaggawa 112 ko 767. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu a bakin tukunya da mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan matsalar take. Tiyo yana tsagewa, ɓera ma yana cinsa, kuma canza shi bai kai kuɗin cikon tukunya ɗaya ba. Ita kanta tukunyar tana da wa'adi, shekara 15 a ƙa'idar Najeriya, kuma shekarar ƙirarta tana rubuce a jikin mariƙinta. Danshin Legas da gishirin da ke cikin iskarta suna saurin cinye gindin tukunya da tsatsa, musamman wadda ake ajiyewa a kan jiƙaƙƙen siminti, don haka tsohuwar tukunya ta hannu da aka shafa wa sabon fenti ba abin saya ba ce komai arharta.

Akwai kuma batun awo. Nauyin tukunya babu komai a ciki shi ma yana rubuce a jikinta, saboda haka mai saye yana da damar ya sa a ɗora ta a sikeli kafin a zuba da bayan an zuba. Ya fi aminci a cika a tasha mai lasisi maimakon shagon cikin unguwa da ake juye gas daga tukunya zuwa tukunya kusa da mai suyar ƙosai. Ƙaramar tukunya mai murhu a ka tana da wata illa da duk mai tuƙa tuwo ta sani: tsayi gare ta kuma gindinta siriri ne, da an danna muciya sai ta yi tangal-tangal, ga yara suna kai da kawowa. Gidan da ake tuwo kullum ya fi dacewa da murhun tebur ko murhun ƙasa mai faɗin ƙafafu.

Ta fuskar muhalli, gas daga man ƙasa yake, kuma ƙona shi yana ƙara iskar da ke ɗumama duniya. Amma ba a sare bishiya saboda shi, kuma hayaƙin da yake bari a ɗaki kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da gawayi ko kananzir.

Gawayi

Dalilin da ya sa mutane suke komawa gawayi a fili yake, kuma babu adalci a zarge su. Kurfoti ba shi da tsada, ana samun gawayi a kowane layi, kuma wanda abin da ya samu yau shi zai ci yau yana iya sayen na girki ɗaya. Garwashi yana daɗewa, ya dace da wake da ganda da ƙafar saniya da dahuwar da ke son lokaci. Akwai kuma abincin da ba ya yin daɗi sai da shi: tsire da balangu da gasasshiyar masara.

Arhar tasa dai ta dogara da yadda aka saya. Wanda ya sayi buhu, ya samu busasshen wurin ajiya, yana iya cin riba. Wanda yake sayen ƙulli a leda kullum yana biyan ribar hannu uku ko huɗu, kuma ƙasan ledar yakan zama gari da ƙasa. Da damina, wadda a Legas take da tsawo, farashi yana tashi saboda hanyoyin daji sun lalace, gawayin kuma yana zuwa da danshi, ya ƙi kamawa, a ɓata lokaci ana fifita. Wani abin da ba a lissafawa shi ne garwashin da ke ci gaba da ci bayan an sauke tukunya. Wanda yake kashe shi, ko dai ta hanyar kifa masa tsohuwar tukunya ko rufe shi a gwangwani mai murfi, yana samun abin da zai fara girkin gobe da shi.

Babban haɗarin gawayi ba a ganinsa kuma ba a jin warinsa. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, irin wadda janareta ke fitarwa, kuma a rufaffen ɗaki tana sa ciwon kai da jiri da barcin da ba a farkawa. Shigar da kurfoti ɗaki saboda ana ruwan sama, ko barin garwashin turaren wuta mai yawa a ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda sauro, abu ne da ya kamata a daina. Haka nan kunna shi da leda ko guntun roba ko tsohon silifa, wanda ya zama ruwan dare, yana aika hayaƙi mai guba cikin ƙirjin mai girki da duk wanda ɗakinsa ke kusa. Ɗan kwali ko busasshen ɓawon kwakwa yana yin aikin.

A kan batun daji ne nake ganin gawayi ya fi faɗuwa. Gawayin da ake ƙonawa a Legas daga dazuzzukan Oke-Ogun a jihar Oyo da Kwara da Neja da Kogi ake lodo shi. A hanyar gargajiya, inda ake tara gungume a rufe da ƙasa a cinna wuta, sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a samu gawayi kilo 1. Idan aka haɗa wannan da ma'aunin farko, aikin da kilo 1 na gas yake yi yana cin itace kilo 20 zuwa 40 idan aka bi ta kurfoti. Masu yin gawayi kuma ba kowace bishiya suke so ba, sun fi neman masu tauri irin ƙirya da kaɗanya, waɗanda sai sun yi shekaru masu yawa kafin su girma, kuma kaɗanyar nan ita ce matan karkara suke tsintar 'ya'yanta su yi man kaɗe su sayar. Wanda yake fifita kurfoti a Agege ba ya ganin wannan, amma da kuɗinsa ake yin saran.

Wanda ba shi da mafita sai gawayi yana da hanyoyin rage ɓarna. Ingantaccen murhu mai rufin yumɓu a ciki da ƙofar iska da ake iya rufewa yana rage cin gawayi da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, kuma ya fi kurfotin gwangwani daɗewa, wanda tsatsa takan huda cikin 'yan watanni. Akwai kuma curarren gawayi da ake yi da garin katako ko ɓawon kwakwa ko ɓuntun shinkafa, abubuwan da dama zubarwa ake yi. Yana da ɗan wuyar kamawa kuma tokarsa tana da yawa, amma yana daɗewa yana ci kuma ba a sare sabuwar bishiya dominsa. Shi ma a waje ake amfani da shi.

Kananzir

A nan babu dogon zance. Risho ya yi zamaninsa lokacin da gwamnati take tallafa wa kananzir, amma an cire wannan tallafi tun 2016, kuma lita ta haura naira 1,000 tun ƙarshen 2022. Tunda sai an ƙona kusan lita biyu kafin a yi aikin kilo 1 na gas, shi ne mafi tsada a cikin huɗun. Yana baƙanta tukunya, warinsa yana kama abinci, lagwani yana son gyara kullum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji amfani da shi a gida tun 2014. Ga haɗarin wanda aka gauraya da fetur, wanda yake fashewa, ga yaran da ke shansa idan aka zuba a gorar lemo aka ajiye a ƙasa. Amfaninsa ɗaya shi ne ana iya sayen kaɗan, kuma ƙaramar tukunyar gas ta riga ta ƙwace masa wannan, domin ana cika ta da rabin kilo.

Lantarki

A cikin ɗaki babu abin da ya kai shi tsabta: ba hayaƙi, ba harshen wuta, ba toka. Mafi yawan wutar Najeriya daga tashoshin gas take fitowa, irin tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu, sauran kuma daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, saboda haka ba a ce ba ta da tasiri a muhalli ba, amma ba ta taɓa daji kuma ba ta shiga ƙirjin yara.

Lissafin kuɗinsa ya dogara da rukunin da gidan yake. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan yunit, daga baya ya sauka zuwa naira 209.5. A wannan farashi, yunit 8 na indokshan ya kama kimanin naira 1,700, na hotfilet kuma ya haura 2,000, wato idan kilon gas bai kai haka ba, gas ya fi sauƙi. Sauran rukunoni sun tsaya ƙasa da naira 70 a lokacin, abin da ya sa girkin lantarki ya fi kowanne araha a wurinsu, sai dai su ne wutar ba ta zama musu, kuma tuwon dare ba ya jiran a kawo wuta. Kunna janareta domin a yi girki kuwa asara ce ta kowace fuska.

Kayan ma sun bambanta. Hotfilet yana da araha amma yana jinkirin zafi, yana jinkirin hucewa, kuma mai arhar ba ya daɗewa. Indokshan yana da sauri da tattali, amma ba ya aiki da tukunyar dalma ko ta alminiyom da muka saba da ita, sai wadda maganaɗisu yake kama gindinta, kuma hawa da saukar wuta tana iya ƙona shi. Abin da na fi ganin amfaninsa shi ne tukunyar furesha ta lantarki, mai dahuwa da matsin tururi, wadda take dafa wake ko nama mai tauri da abin da bai kai yunit ɗaya ba, da butar lantarki ta dafa ruwa. Waɗannan biyun suna ɗauke wa gas aikin da ya fi cinye shi.

Kafin a saya sai a duba wayoyin gidan. Murhun lantarki yana jan wat 1,500 zuwa 2,000, kuma tsofaffin gidajen haya da yawa ba a yi musu wayar da za ta ɗauki haka ba. Soket da ke yin zafi ko warin roba gargaɗi ne, kuma jona murhu a kan siririyar wayar ƙari hanyar gobara ce. A gidan da ɗakuna da yawa suke kan mita ɗaya ana raba kuɗi daidai, wanda ya jona hotfilet a ɓoye yana cin haƙƙin maƙwabtansa ne, kuma gyaran wannan shi ne a sanya ƙaramar mita ta ɗaki ko a yi yarjejeniya a fili.

| Abin girki | Kuɗin farawa | Kuɗin kullum | Hayaƙi a ɗaki | Babban haɗari | Ƙarko | Illa ga daji |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Gas | Mai yawa | Matsakaici | Kaɗan | Yoyo da fashewa | Tukunya shekara 15 | Babu |
| Gawayi a kurfoti | Kaɗan | Matsakaici, ya fi tsada a ƙulli | Mai kisa a rufaffen ɗaki | Shaƙewa da ƙuna | 'Yan watanni | Mai yawa |
| Gawayi a ingantaccen murhu | Matsakaici | Mai sauƙi | Sai a waje | Shaƙewa da ƙuna | Shekaru | Ta ragu |
| Kananzir | Kaɗan | Mafi tsada | Mai yawa | Gobara, ko yara su sha | Matsakaici | Babu |
| Lantarki | Matsakaici zuwa mai yawa | Ya dogara da rukuni | Babu | Gobarar waya | Ya dogara da inganci | Babu |

Kowanne aka zaɓa, rufe tukunya da murfi, jiƙa wake tun da dare, yanka nama ƙanana, da shirya kayan miya kafin a kunna wuta suna rage abin da ake ƙonawa. Shinkafa ko wake da suka tafasa sosai ana iya sauke su, a naɗe tukunyar da tsohon bargo a sa a kwando, su ƙarasa nuna da zafinsu.

Wa ya dace da wanne

Gwauro ko ɗan kasuwar da yake ɗaki ɗaya, wanda girkinsa bai wuce shayi da taliya da ɗumame ba, tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 ta ishe shi, ya ƙara da butar lantarki idan yana samun wuta. Idan risho yake amfani da shi yanzu, bambancin kuɗin kananzir da na gas zai mayar masa da kuɗin tukunyar a hankali.

Iyali mai yara a ciki da falo ya fi dacewa da tukunya mai kilo 12.5 da murhun tebur, a ajiye tukunyar a tsaye inda iska ke ratsawa, a kan katako ko bulo saboda danshi. Idan kuɗin farawa ya yi nauyi, adashi hanya ce da mata da yawa suke bi, kuma ba dole ba ne a cika tukunyar gaba ɗaya a lokaci guda. Gidan da yake da mitarsa ta kati kuma wuta tana zama masa da rana zai amfana da tukunyar furesha domin wake da nama, gas kuma ya riƙe miya da tuwo da lokacin da aka ɗauke wuta. Masu Band A su yi lissafin yunit 8 ɗin nan da rasit ɗinsu kafin su sayi indokshan.

Wanda samunsa na yini ne, kuma gas ya fi ƙarfinsa a yanzu, ya nemi ingantaccen murhun gawayi, ya haɗa kuɗi da maƙwabta su sayi buhu su raba, ya yi girki a waje ko a baranda mai iska, ya kashe garwashi idan ya gama. Mai shayi da mai indomi da mai ƙosai da mai waina gas ya fi musu, saboda suna buƙatar wutar da ake ƙarawa a rage nan take, da sharaɗin tukunyar gas ɗin ta yi nesa da kaskon mai kuma tiyon ya zama mai kauri. Mai tuwo-tuwo da masu girkin biki da suna suna iya amfani da babban murhun gas na ƙasa a madadin itace. Mai tsire da mai balangu kuwa sana'arsu ta garwashi ce, abin da ya rage musu shi ne su gwada curarren gawayi na ɓawon kwakwa, wanda yake daɗewa yana riƙe zafi, su kuma daina kunna wuta da leda a kusa da naman da mutane za su ci.